Ranar da ɗan sama jannati ya hango ƙurar Kano

1/
Jiya da daddare a majalisarmu ta bakin titi nan Wudil, wani ƙanina ya ce wai mu ba abin da ya haɗa mu da sararin samaniya sai duban watan azumi. Aka yi dariya aka tashi. Ni dai maganar ta tsaya min a rai, don na san ba haka ba ne. Ga zare. Yana da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Don ku san mai maganar: lantarki na karanta, abincina yanzu haɗa sola da gyaran inbata. Ban taɓa ganin roka ido da ido ba. Amma da na zauna na bi tarihin kumbuna da taurarin ɗan'adam, sai na tarar abin da ke kashe su shi ne dai abin da ke sa a kira ni gidajen mutane da rana tsaka. Makunni ya lalace, waya ta yi shot, batir ya ƙi ɗaukar caji.

3/
Mu fara daga Talata, 20 ga Fabrairu 1962. A Kano ana tsakiyar azumi, Sarki Sanusi na kan gado, 'yancin kai ko shekara biyu bai cika ba. Wajen ƙarfe huɗu na yamma wani Ba'amurke, John Glenn, ya ratso ta saman wannan yanki namu cikin ɗan kumbonsa mai suna Friendship 7, yana gudun kilomita wajen 28,000 a awa ɗaya. Shi ne Ba'amurke na farko da ya zagaya duniya daga sama.

4/
Ya leƙo ta taga, ya yi magana ta rediyo ya ce yana hango guguwar ƙura a ƙasa. Wa kuke jin ya amsa masa? Tashar Kano. Suka ce masa ai mako guda ke nan ana fama da iska mai ƙarfi.

Ƙurar da kakanninmu ke rufe hanci saboda ita a ranar ce fa mutumin ya gani.

5/
E, hukumar NASA ta taɓa yin tasha a Kano. Dalili kuwa: a lokacin babu taurarin da za su karɓi magana daga kumbo su miƙa ta gida. Rediyon kumbo sai yana saitin eriyarka za ka ji shi, bayan 'yan mintuna ya wuce. Don haka suka jera tashoshi 18 a kewayen duniya, wasu ma a kan jiragen ruwa, wannan ta saki wannan ta kama.

6/
A Afirka, idan kumbo ya baro tashar tsibiran Kanari, Kano ce ke karɓarsa, ita kuma ta miƙa wa Zanzibar. Ma'aikatan tashar su ji muryar mutum, su karanta bugun zuciyarsa da zafin kumbo da ƙarfin batir, su buga saƙo zuwa Amurka kafin ya sake zagayowa bayan kamar awa ɗaya da rabi.

7/
To ga inda na fi so ku lura. Ana cikin tafiyar, sai wata alama ta nuna wa na ƙasa cewa garkuwar da ke kare kumbo daga zafi ta kwance. In gaskiya ne, Glenn zai ƙone ƙurmus wajen dawowa. Hankalin kowa ya tashi. Aka ce masa kada ya yar da kunshin rokokin birki da ke ɗaure a kan garkuwar, ko igiyoyinsa za su riƙe ta.

8/
Ya sauko lafiya bayan zagaye uku, awa 4 da minti 55. Da aka duba, garkuwar lafiyarta ƙalau. Wani ɗan makunni ne ya lalace yake aiko da ƙarya.

Duk mai gyaran lantarki ya san wannan ciwon: na'ura lafiya lau, abin da aka sa ya faɗa maka lafiyarta shi ne mara lafiyar.

9/
Shekara ta zagayo, 1963. Najeriya ta buga kan sarki mai hoton kumbon Mercury da tashar Kano. A watan Agustan shekarar kuma, ranar 23, Shugaba Kennedy ya kira Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, maganar ta sauko ta wani jirgin ruwan Amurka, Kingsport, da ke tsaye a tashar Legas. Karon farko ke nan a duniya da shugabannin ƙasashe biyu suka yi waya kai tsaye ta tauraron ɗan'adam.

10/
Ku sake karantawa: karon farko a duniya, kuma ɗan Bauchi ne a ɗaya ɓangaren.

Me ya sa Syncom 2, ina na 1 ɗin? An harba shi a Fabrairun wannan shekarar, ana kunna rokarsa ta ƙarshe ya yi tsit, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

11/
Kafin su akwai Telstar 1, wanda ya fara ɗaukar hoton talabijin tsakanin Amurka da Turai. An harba shi ran 10 ga Yuli 1962, kwana ɗaya bayan Amurka ta fasa bom ɗin nukiliya a can sama don gwaji. Tiririn da bom ɗin ya bari ya riƙa cin transistocinsa a hankali. Ya suma a Nuwamba, aka farfaɗo da shi, ya mutu gaba ɗaya a Fabrairun 1963. Da hannunsu suka kashe abinsu.

12/
Sai Maris 1966, Gemini 8. Neil Armstrong ne ke tuƙi, shekara uku kafin ya taka wata. Waya ta yi shot, ɗaya daga cikin ƙananan rokokin juya kumbo ta kunna kanta ta ƙi mutuwa. Kumbo ya dinga wulwulawa har ya kusa zagaye ɗaya a daƙiƙa, shi da David Scott suna gab da sumewa. Da ƙyar ya tsayar da shi, aka katse tafiyar tun ba a yi awa 11 ba.

13/
A wannan shekarar aka kammala shirin Gemini, aikin tashar Kano ya ƙare. Ta Zanzibar tuni juyin juya halin 1964 ya rufe ta.

Abin da ke ci min rai, ni haifaffen jihar nan, na yi shekaru ina karatun lantarki, sai bayan na gama na ci karo da labarin nan a intanet. An yi abin a ƙofar gidanmu, bai zama gadonmu ba.

14/
Daga nan sai dogon shiru, in ka cire tashar sadarwa ta Lanlate da aka buɗe a 1971 don wayar ƙasashen waje. Sai 1999 aka kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA. Ran 27 ga Satumba 2003 aka harba tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, daga Plesetsk a Rasha.

15/
Kamfanin SSTL na Ingila ne ya ƙera shi, kuma tarihin kamfanin ya shafi maganata. Daga sashen lantarki na Jami'ar Surrey ya tsiro. Wani matashin malami, Martin Sweeting, da abokansa masu wasa da rediyo suka haɗa ɗan tauraro, aka harba musu shi a 1981. Dabararsu: maimakon kayan soja masu tsadar tsiya, a ɗauki kayan kasuwa, a gwada su sosai, a tsara ta yadda in ɗaya ya mutu wani zai ɗauka.

16/
NigeriaSat-1 bai wuce nauyin kilo 100 ba, kamar babban buhun masara. An yi shi ne don shekara biyar, ya yi fiye da takwas, sai 2012 aka yi masa ritaya. Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa New Orleans a 2005, hotunansa na cikin na farko da masu agaji suka samu. Tauraron Najeriya yana taimakon Amurka. Shekara 43 bayan Glenn, bashi ya juya.

17/
Yanzu sai mai zafin. NigComSat-1, tauraron sadarwa, kamfanin Great Wall na ƙasar Sin ya karɓi kwangilarsa, aka harba daga Xichang a watan Mayu 2007. Nauyinsa ya haura tan biyar. Wurin zamansa kilomita wajen 36,000 a sama. Alƙawarin shekara 15 aka yi. Jaridu suka yi ta ambaton naira biliyan 40.

18/
Wata goma sha takwas ya yi. A Nuwamba 2008 ya mutu. Masu shekaruna za su tuna shaguɓen da aka yi ta yi, wai tauraronmu ya ɓata, wai NEPA ta bi shi har sama ta ɗauke wuta. 😅

To a gaskiya shaguɓen bai yi nisa da abin da ya faru ba. Wuta ce ta ɗauke.

19/
Irin wannan tauraron yana da fukafukai biyu na farantan sola. Jikinsa na kallon duniya, fukafukan kuma dole su riƙa juyawa a hankali suna bin rana. A gindin kowane fiffike akwai na'urar da ke juya shi, kuma duk wutar da ya tara ta cikinta take bi ta shiga jiki. A nan aka samu matsala. Fiffike ɗaya ya fara, bayan watanni ɗayan ya bi. Batir ya ƙare. Shi ke nan.

20/
Eriyoyinsa da na'urorin sadarwarsa na nan, ba wutar da za ta tashe su. Kamar gida ne cike da firji da talabijin, mahaɗar waya ɗaya ta ƙone a bayan fanel. Bambancin kawai, ni in aka kira ni zan hau tsani. Can babu tsani.

Tauraron Venezuela, wanda aka yi a kan irin wannan gangar jikin, shi ma ta wajen na'urar juya fukafukan ya mutu a 2020.

21/
Allah Ya taimaka akwai inshora. Aka ƙera madadinsa, NigComSat-1R, aka harba ran 19 ga Disamba 2011. Shi ma shekara 15 aka tsara masa. Ku lissafa da kanku.

22/
2011 ɗin dai shekara ce mai kyau. Ran 17 ga Agusta roka ɗaya ta ɗauki NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X daga Yasny a Rasha. Na biyun injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a Surrey, Turawan na duba su. NigeriaSat-2 yana iya bambance abin da ya kai mita biyu da rabi a ƙasa. Shekara bakwai aka yanka masa, X kuma biyar. Duk sun daɗe da wuce wa'adi.

23/
Sai ɗan autan, Nigeria EduSat-1, na Jami'ar Fasaha ta Akure da NASRDA, a cikin wani shiri na wata jami'ar Japan, Kyutech. Ɗan akwati ne, santimita 10 kowane gefe, za ka riƙe shi a tafin hannu. Rokar SpaceX ta kai shi tashar sararin samaniya a Yuni 2017, aka sake shi a Yuli tare da na Ghana da Mongoliya da Bangladesh da Japan. Ya yi kusan shekara biyu ya faɗo ya ƙone, kamar yadda aka tsara.

24/
Tarihin ke nan a dunƙule. Yanzu tambayar da na zo da ita: in za a sake zuba kuɗi, a ina ya kamata a zuba? Mutane da sun ji sararin samaniya sai su tuna roka. Ni ra'ayina, roka ita ce ta ƙarshe a layi. Haya ake yi, kamar yadda mai shanu a Kara ba sai ya mallaki tirela ba kafin ya kai kaya Legas. Abin da ke cikin tirelar shi ne dukiyar.

25/
Kafin in faɗi nawa, sai kun san me sama ke yi wa kayan lantarki.

Rana ba haske kaɗai take ba mu ba. Tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji da gudu na fitar hankali, wasu kuma daga can nesa suke zuwa. Mu a ƙasa iska da maganaɗisun duniya sun yi mana laima. Tauraro yana waje.

26/
Ƙwaya ɗaya tak in ta ratsa 'yar ƙwaƙwalwar nan da masu gyaran waya ke ce wa aisi, tana iya juya 0 ya koma 1. Umarnin "tsaya" ya koma wani abu daban. Wani lokacin ta buɗe wa wuta hanya a cikin aisin, ya dinga zuƙar wuta har ya ƙone, sai in an yi maza an katse an sake kunnawa. Wani lokacin kuma ba ta kisa nan take, taruwa take yi shekara da shekaru, irin abin da ya ci Telstar.

27/
Ga zafi da sanyi. Tauraron da ke kusa da duniya yana shiga rana ya shiga inuwa sau 15 ko 16 a yini. A rana jikinsa ya haura digiri 100, a inuwa ya faɗi ƙasa da sifili da nisa. Dalmar da aka liƙe ƙafafun aisi da ita ta buɗe ta tsuke, ta buɗe ta tsuke, wata rana ta tsage. Fanka kuma ba ta da amfani, tunda babu iskar da za ta kaɗa.

28/
Wani abin mamaki, na saka shi ne don 'yan Farm Centre. Kuza zalla in aka shafa ta a kan ƙarfe, tana tsiro wasu siraran gashi da kanta, su yi tsawo su taɓa maƙwabci su haɗa shot. A Mayu 1998 tauraron Galaxy IV ya mutu, yawancin na'urorin kiran gaggawa da likitocin Amurka ke ratayawa a ƙugu suka yi shiru, kuma wannan gashin aka ɗora wa alhakin lalacewar ƙwaƙwalwarsa. Kuzar da ake haƙa a Jos ɗin nan dai.

29/
Tsohuwar hanyar magance tiriri ita ce a ƙera aisi na musamman mai taurin rai. Motar Perseverance da ke yawo a duniyar Mars da RAD750 take tunani. Gudunsa wajen megahaz 200, zubinsa na kwamfutocin ƙarshen shekarun 1990, kuɗinsa ana maganar sama da dala 200,000. Wayar da kake karanta zaren nan da ita ta ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma shi ba ya mutuwa da wuri.

30/
A cikin cikin motar nan aka ɗauki wani ɗan jirgi mai saukar ungulu, Ingenuity, kilo 1.8. RAD750 ya yi masa nauyi, ya kuma yi masa jinkiri. Sai suka saka masa Snapdragon 801, irin wanda ke cikin Samsung Galaxy S5. Tashi biyar aka tsara masa. Ya fara ran 19 ga Afrilu 2021, ya yi 72, sai Janairu 2024 ya tsaya, kuma fiffikensa ne ya karye. A lokacin ƙwaƙwalwar wayar tana nan da ranta.

31/
Wannan ya canza lissafi. Manyan suna neman su haɗa biyun: a 2022 NASA ta ba kamfanin Microchip kwangilar dala miliyan 50 ya ƙera sabuwar ƙwaƙwalwar kumbo da za ta ninka ta yanzu aƙalla sau 100, ta kuma jure tiriri. A kan tsarin RISC-V ake gina ta, wanda a buɗe yake, ɗalibi a Wudil zai iya sauke bayanansa kyauta yau ɗin nan.

32/
Mu ba za mu gina masana'antar aisi gobe ba, kada mu yaudari kanmu. Amma ƙofar da Surrey ta bi a 1981 har yanzu a buɗe take, ta ma ƙara faɗi: ka ɗauki kayan kasuwa, ka san halinsu, ka kewaye su da kariya. Wannan aikin tunani ne da haƙuri, kayan aikinsa ba su fi ƙarfin jami'a ba.

33/
In aka ce in zaɓi abu ɗaya, wuta zan zaɓa. Ita ta kashe mana tauraro mafi tsada. Kuma a nan ne Arewa ke da ɗan gaba, don wahalar rashin wuta ta mayar da dubban samarinmu masana sola da batirin litiyom ba tare da sun shirya ba.

34/
Sai dai akwai tazara. Batirin gidanka sau ɗaya yake cika ya sauka a yini. Na ƙaramin tauraro sau 15, wato sama da 5,000 a shekara, shekara biyar ko bakwai, ba mai zuwa ya canza shi. Mai iya tsara allon da zai kula da wannan batirin, ya hana shi cika fiye da ƙima, ya ɗumama shi a inuwa, ya yanke wa sashen da ya yi shot wuta shi kaɗai, wannan ko'ina a duniya yana da aiki.

35/
Na san zafin wannan a jikina. Farkon fara sana'ata na haɗa wa wani mai kemis a wani ƙauye sola don firjin magani. Na yi ƙwauron kuɗin kantirola na sa mai arha, ban kuma gwada ta da zafi ba. Bazara na shigowa ta ƙone cikin dare, maganin ya lalace. Ni na biya, wata uku ina biya. Tun ranar ba na kai kaya gidan kowa sai sun kwana uku a kunne a shagona.

36/
Shi ya sa abu na biyu a wurina shi ne ɗakin gwaji. Teburin da zai jijjiga allo kamar yadda roka za ta jijjiga shi. Tukunyar da za a zuƙe iskar cikinta a dafa shi a daskarar da shi sau ɗari. Ba abin ɗaukar hoto ba ne, ba ɗan siyasar da zai so yanke ƙyallensa, amma ƙananan taurarin jami'o'i da yawa a duniya sun isa sama ba su ce uffan ba saboda an tsallake wannan matakin.

37/
Sai kuma tsara na'ura ta yadda za a iya gyara ta daga nesa. Voyager 1, tun 1977 yake tafiya. A Nuwamba 2023 ya fara aiko da shirme. Aka gano aisi ɗaya na ma'ajiyarsa ne ya mutu. A lokacin yana nesa da mu kilomita biliyan 24, saƙo sai ya yi awa 22 da rabi kafin ya isa, amsa ma haka.

38/
Injiniyoyin suka yanka manhajar da ke cikin mataccen aisin gunduwa-gunduwa, suka cusa kowace a inda ke da ɗan fili a sauran ma'ajiyar. A Afrilu 2024 ya dawo hayyacinsa. Waɗanda suka tsara shi, da yawansu sun rasu, amma sun bar ƙofar gyara. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

39/
Wani zai ce, Malam, muna fama da tsadar taki kana maganar Mars. Tambaya ce mai kyau, ga amsata.

Ku tsaya a kan gadar Wudil cikin Agusta ku kalli ruwan nan. Daga Tiga da Challawa yake tahowa, ya wuce mu ya nufi Ringim da Haɗeja. A 2022 kun ga abin da ya yi wa gonakin Jigawa. Mai shinkafa a fadama yana buƙatar ya san ina ruwa ya kai yau, ina zai kai jibi.

40/
Matsalar, lokacin da aka fi buƙatar hoton shi ne lokacin da hadari ya rufe sama. Kyamarar NigeriaSat ba ta ganin ƙasa ta cikin gajimare. Rada ce ke gani, dare da rana, kamar ta Sentinel-1 na Turai da ake ba da hotunansa kyauta. Rada kuwa uwar cin wuta ce. Kun ga mun sake dawowa kan batir da fanel.

41/
Kuma tauraro yana wuce tasharsa cikin minti goma, ba zai iya sauke duk abin da ya ɗauka ba. Shi ya sa duniya ta koma ga ƙwaƙwalwar da za ta tace hoto tun a sama, ta zubar da mai gajimare, ta aiko da taswirar inda ruwa ya ci kawai. Wanda ya san bambancin fadamar da ke cika kowace damina da gonar da ambaliya ta cinye, shi ya fi cancanta ya koya wa na'urar. Mutumin nan a nan yake, ba a Surrey ba.

42/
Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta komawa wata a Disamba 2022, ita da Ruwanda ne na farko a Afirka. A Janairu 2023 Starlink ya fara aiki a nan kafin ko'ina a nahiyar. Madalla. Amma a duka biyun matsayinmu bai canza daga na 1962 ba: mai masauki, ko mai saye.

43/
Ga jami'ar kimiyya da fasaha a garin nan tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. Ga Bayero kilomita 40 da 'yan kai daga nan. Ga yaran da ke ciro aisi mai ƙafa ɗari daga allon waya da iska mai zafi, su mayar, waya ta tashi. Akure ta aika nata ɗan akwatin. Ban ga abin da Akure ke da shi da Kano ba ta da shi ba.

44/
Ba sai an jira gwamnati ba kafin a fara, kuma da wannan zan amsa wa ƙanin nawa. Akwai wata 'yar na'ura kamar filashi, RTL-SDR, kuɗinta bai kai na ƙaramar wayar Android ba. Ka soka ta a kwamfuta ta zama rediyo mai kama kusan kowace tasha. Eriya kuma sanduna biyu ne na ƙarfe, kowane santimita 53, a buɗe su kamar bakin almakashi.

45/
Na haɗa tawa da sandunan walda da guntun bututun roba. Sau huɗu ina hawa saman soro ina saukowa da shuuu kawai. Ashe inbatar gidan ce ke cika wurin da hayaniya. Na kashe ta, na koma kan batirin kwamfuta.

46/
Da safe, tauraron yanayi na Rasha, Meteor-M, ya ɓullo daga arewa a kan megahaz 137. Layi ya fito a allo, ya yi ƙarfi, ya yi kamar minti goma sha biyu, ya dushe ta kudu. Manhaja ta gama lissafinta, hoto ya buɗe.

47/
Tafkin Chadi a dama. Hamada fara fat a sama. Dam ɗin Tiga ɗan ɗigo baƙi. A kan Kano zuwa Damagaram kuma wani mayafi ruwan ƙasa ya shimfiɗu, har gefen hoton.

Ƙura ce. Na daɗe a zaune ina kallonta, har mai gidan ya leƙo ya ce a kunna masa inbata firji ya fara zuba.

48/
Juma'a mai zuwa in an taso daga kasuwa zan sake hawa, da yamma wannan karon, in Allah Ya kai mu. Ɗalibai uku sun ce za su zo, har da ƙanin nawa mai maganar duban wata. Soron zai ɗauki kamar mutum takwas. Mai so ya yi min magana ta inbos, ya taho da abin zama da kwamfutarsa a cike da caji.